Baba Bula da Jan Ƙwaron Kwakwa

A ƙarshen layinmu, inda kwalta ta ƙare ƙasa ta fara gangarawa wajen kwata, nan gidan mai wanki yake. Shagona na kayan masarufi yana kallon ƙofarsa, kuma a wurina yake sayen sabulu da sitaci, shi ya sa yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Baba Bula ake ce masa, saboda bular da yake sa wa fararen kaya ta riga ta zauna masa a ƙarƙashin farce, ba ta fita ko da me ya wanke hannun. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Idan ka gaishe shi, sai ya gama duban wuyan rigarka kafin ya dubi fuskarka.

Ba gadon wanki ya yi ba. Ubansa ɗan dako ne a tasha, shi kuwa tun yana saurayi ya samu aiki a ɗakin wanki na wani asibiti. A can ya koyi cewa tabon jini da ruwan sanyi ake fara masa, in ka sa na zafi ka ɗaura masa aure da rigar ke nan. A can ya koyi dama sitaci ba gudaji, da sa bula daidai yadda farin zai haska ba tare da ya koma shuɗi ba. Da asibitin ya sayo injinan wanki aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya sayi manyan bahuna biyu da burushi, ya mallaki wannan gida mai rijiya, ya zauna. Ma'aikatan jinyar da suka san hannunsa suka biyo shi da rigunansu na aiki, domin a cewarsu inji yana juya kaya ne kawai, bai san wuya da hammata ba. Daga baya otal ɗin bakin titi ya fara aiko masa da zannuwan gado da mayafan tebur.

Matarsa 'yar wani tela ce, ta tashi tana goge ɗinki a shagon ubanta, don haka tun ranar da ta tare aikin gidan ya rabu biyu ba tare da an zauna an raba ba. Shi yana bakin rijiya, ita tana baranda da dutsen guga na gawayi. Inna Mai Guga muke ce mata. 'Yan layi kan yi musu tsiya su ce gidan guga biyu, miji na jan guga, mata na yin guga. Doguwa ce, ta fi shi baki nesa ba kusa ba, kuma karin da take fitarwa a hannun riga kamar an ja shi da wuƙa. 'Ya'yansu uku suka tashi a tsakanin bahuna da igiyoyi, amma ba wanda ya ɗauki sana'ar. Mazan biyu suka tafi neman abinci wasu garuruwa, Auta kuma ta auri wani direban babbar mota.

Bishiyoyin kwakwa biyar da ke tsakar gidan Baba Bula ne ya dasa su, kuma ba don 'ya'yansu ba. Turken ƙarfe yana tsatsa, tsatsar ta bi igiya ta ɓata kaya. Na katako kuwa gara ce ke gamawa da shi kafin shekara ta zagayo. Sai ya sayo dashen kwakwa wurin wani mai lambu, ya auna tazarar igiyar shanya da ƙafa, ya dasa. Aka yi ta yi masa dariya, wai ga mutumin da ke ba turke ruwa yana jira ya girma. Shi dai ya jira. Da suka yi kauri ya naɗa wa kowace tsohuwar robar tayar keke don kada igiya ta ci jikinta, ya ɗaura. Inuwar ganyensu ba mai duhu ba ce, iska tana ratsawa, kayan launi suna bushewa ba sa koɗewa. 'Ya'yan kwakwar kuwa bai taɓa damuwa da su ba, illa kada su faɗo a kan wani. Wani mai hawa ne ke zuwa ya sauke, Inna ta sayar. A can ƙuryar gidan, inda ruwan ɗauraya ke gangarawa, ta dasa ayabarta, ta yi duhu har tana leƙo katanga.

Haka suka yi shekara da shekaru, har furfura ta rufe su duka biyun.

A wani rani mai tsawo ne abin ya fara. Ganyen ƙasa na kwakwar suka soma yin rawaya, Baba Bula ya ɗaga kai ya gani ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara musu ruwa. Ba a jima ba sai ga babbar nas, shugabar ma'aikatan jinyar, ta zo da kanta, abin da ba ta saba yi ba, da riguna a cikin leda. Ta warware ɗaya a kan dakalin wanki.

"Baba, duba nan," in ji ta.

A gaban rigar da kafaɗa akwai ɗige-ɗige ja, ƙanana kamar kan allura, wasu da 'yar wutsiya kamar an ja su gefe guda. Baba Bula ya kai rigar kusa da ido, ya shinshina, ya kankara da farce.

"Wannan ba daga wurina ba ne."

"To daga wurin wa? A ninke ka kawo, a ninke na buɗe. Mutum ya shiga ɗakin marasa lafiya da wannan ai sai a ce jini ne."

Ya karɓi rigunan ya sake wankewa, tabon ya fita da ƙyar. Ya shanya, ya kwashe da hannunsa, ya duba bai ga komai ba, ya miƙa wa Inna. Da ta gama guga sai ga ɗigon sun dawo, a wasu wuraren dabam. Daga nan ya yanke cewa matsalar tana baranda. Ya ɗauki dutsen gugar ya dirje gindinsa da toka da yashi har yana ɗaukar ido. Ya canza mayafin teburin. Ya ce gawayin ne, aka canza mai kawo gawayi. Ƙarshe ya je kasuwa ya sayo dutse mai aiki da lantarki ya ajiye mata.

"Malam, tsohon dutsen nan ya girmi Auta," Inna ta ce, "bai taɓa ɓata rigar kowa ba."

"Ki dai yi da wannan."

Ta yi da shi, tana mita cewa ba shi da nauyi, kamar mutum na guga da faranti. Ɗigon ba su daina ba.

Wata ranar da hantsi kukun otal ya zo karɓar kayansa. Mutum ne mai tumbi da son raha, ba ya shiga wuri bai bar dariya ba. Ina ƙofar gidan na kawo sabulu, akwai kuma mata biyu 'yan layi da suka zo ɗibar ruwa. Kuku ya ɗaga farar rigarsa ta aiki ya hango ja-ja a ƙirji, ya kece da dariya.

"Baba, ko ka fara yanka kaji a teburin guga ne? Ai da ka ce in aiko maka da wuƙa mai kyau."

Baba Bula ba mutumin wasa ba ne, balle a kan farin kaya. Fuskarsa ta ɗaure.

"Wankina ƙalau yake," ya ce. "Mai gugar ce ta tsufa. Ido ya tafi, kuma da hannun girki take taɓa kayan mutane."

Inna tana baranda, ba nisa, ta ji. Ba ta ɗago ba sai da ta gama hannun rigar da ke gabanta, ta ninke ta, ta ɗora a kan sauran. Sannan ta zare wayar daga bango, ta naɗe ta a jikin dutsen, ta jingine shi.

"Malam, ga teburinka," ta ce, ta shige ɗaki.

Ba a yi faɗa ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana gaishe shi da safe, tana yi masa sannu in ya gama jan ruwa. Teburin ne kawai ta daina zuwa kusa da shi. Baba Bula ya koma yin wanki da safe, guga da yamma. Mutumin da ya san sirrin kowane tabo ashe bai iya fitar da kari ɗaya a wando ba, sai biyu, kamar layin dogo. Ya ƙona mayafin tebur na otal, ya bar masa hoton dutse a tsakiya. Abin da ya fi wannan kuwa, ɗigon ja suka ci gaba da fitowa a ƙarƙashin hannunsa shi kansa, ga shi ba ya girki. Tun a makon farko ya gane ba ita ba ce. Ita ma ta san ya gane. Ya zo shagona sayen sitaci na ce masa, "Baba, ai sai ka ba Inna haƙuri a wuce wurin." Ya dube ni ya ce sitacin da na ba shi wancan karon yana da danshi.

Da yake Inna ta samu lokaci, sai ta koma wa ayabarta. A nan ta ga ganyen sun yi rawaya daga gefe, wasu sun fara bushewa, kuma nonon da ya fito bai cika ba. Ta juya wani ganye, ta ga bayansa kamar an barbaɗa garin jan bulo a bin jijiyoyin. Ta shafa da yatsa, yatsan ya yi ja. Ta sa wuƙa ta yanko ganyen, ta ratsa ta ƙarƙashin igiyoyi har baranda, inda mijin yake fama da wata riga. Ta shimfiɗa ganyen a kan teburin, ta zaro farin hankici daga cikin kayan da ya goge, ta dirza a bayan ganyen, ta buɗe masa. Ja ne, irin jan da suka sha gani. Sannan ta nuna masa sama da haɓa, inda rassan kwakwa masu rawaya suke reto daidai kan shanyarsa.

Baba Bula ya daɗe yana kallon hankicin. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na likita ne wannan hankicin."

"To sai ka wanke masa," in ji Inna.

A lokacin an riga an fara maganar a rediyo, cewa wani ƙwaro ya shiga manyan gonakin kwakwa da ayaba na bayan gari, kuma ma'aikatan gona suna bi gida-gida. Da malamar gona ta iso layinmu, Inna ce ta tare ta a ƙofa ta shigo da ita. Mace ce mai matsakaitan shekaru, da takalmin roba da jaka a kafaɗa, muryarta ta dishe don yawan bayani. Ta sa aka janyo mata wani reshe da ƙugiya, ta ciro ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ta duba, sannan ta miƙa wa Baba Bula. Ya rufe ido ɗaya ya sunkuya. Abin da ya ɗauka ƙura ce sai ya ga wasu jajayen halittu ne shafaffu, sun yi cincirindo, ga 'yan ƙwai, ga farar saɓar da suka tuɓe.

"Tafiya suke yi," ya ce.

"Tafiya suke yi, Baba, kuma ci suke yi. Dangin kaska ne da gizo-gizo. A bayan ganye suke zama suna tsotse ruwansa, shi ya sa yake yin rawaya. Iska ta kaɗa su zubo a kan shanyarka, ba ka ganinsu. Sai an ɗora dutse an murƙushe su jan ya fito."

"Suna cizon mutum?" Inna ta tambaya.

"Ba ruwansu da mutum, Inna. Itace suke so."

"Daga ina suka zo?" in ji Baba Bula. "Na dasa bishiyoyin nan tun kafin ki shiga makaranta, ban taɓa ganinsu ba."

"Baƙi ne, daga wata ƙasa. Iska tana ɗaukar su, suna bin dashe, suna bin huluna da kwanduna da aka saƙa da ɗanyen ganye. Wanda ya fara shigo da su garin nan kam ban san shi ba, kuma ko na san shi yanzu ba abin da zai ƙara mana."

Ya tambaye ta magani. Ta ɗaga kai ta dubi tsawon bishiyoyin, ta dubi rijiyar da ke buɗe a ƙarƙashinsu. Ta ce feshi a irin wannan tsawo rabinsa a rijiya da tukwanen maƙwabta zai sauka, kuma bayan ɗan lokaci ƙwarin su dawo daga gidan gaba. Ta ce a sare ganyen da suka kamu a ƙone, kada a ba kowa dashe daga gidan, kuma in damina ta sauka za a ga sauƙi, domin ruwan sama yana wanke su. Babbar bishiya ba kasafai take mutuwa nan da nan ba, sai dai ta rame, 'ya'ya su ragu.

"Amma kai da farin kaya ne sana'arka," ta ce, "ko dai ka sare su, ko ka kai shanyarka wani wuri."

Tana fita Inna ta ɗauki adda. Kafin rana ta yi sanyi ta kwantar da ayabarta gaba ɗaya, ta ja ganyen bayan katanga ta tara, da suka sha rana ta cinna musu wuta. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Sannan ta ce wa mijin a kira mai injin yanka itace.

"A dakata tukuna," in ji shi. "Ai ta ce damina tana wanke su. Ba a yanke wa abu hukunci da gaggawa, sai an bincika."

Inna ta riƙe ƙugu ta dube shi.

"Ikon Allah. Ni a tsaye ka yanke mini nawa, a gaban kuku. Su kuwa da aka kama da kaya a hannu sai an bincika."

Shi dai bai kira mai injin ba.

A tsallaken babban titi akwai wani bene da mai shi ya fara ginawa ya tsaya, rufin siminti ne fetal ba ko bishiya kusa. Baba Bula ya roƙi mai gadin wurin, ya ɗaura igiyoyi a jikin ƙarafan da suka leƙo daga ginshiƙai, bayan ya naɗe kowanne da leda saboda tsatsa. Kullum in ya gama wanki sai ya loda jiƙaƙƙun kaya a baro, ya tura ya haura layin, ya jira motoci su tsagaita ya tsallaka, sannan ya ɗauki baho a ka ya hau matakalar da ba ta da abin dafawa. Duk wanda ya taɓa ɗaga jiƙaƙƙen zanen gado ya san nauyinsa. Rana a can sama ba ta da tausayi, kayan launi suka fara koɗewa. Wata rana iska ta fizge zanen otal ta rataye shi a wayar lantarki, ya yini a can yana kaɗawa, 'yan layi suna cewa Baba Bula ya kafa tuta.

Fararen kayan sun koma fari, amma aikin ya yi nauyi, kaya suna makara. An kuma buɗe wani shagon wanki na inji kusa da asibitin, mai gilashi da fanka, wanda ke bayar da kaya a rataye cikin leda. Ma'aikatan jinyar suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi sallama. Babbar nas ce kawai ta zo ta gaya masa da bakinta cewa ita ma za ta koma can, ta yi masa godiyar shekarun da suka yi. Otal ya kwashe zannuwansa. Kuku ne ya tsaya, ya ce shi rigarsa ta saba da hannu ɗaya.

Ita kuwa Inna, zama ba aiki ya ishe ta. Ta sa aka fito mata da wani tebur ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, nesa da rassan kwakwa. Ta ciro tsohon dutsenta na gawayi ta hura. Ba ta yi allo ba, ba ta yi talla ba, amma kafin wata ya ƙare ma'aikatan ofis da ɗalibai da matan layi suna kawo mata abin da suka wanke a gida. Lokacin wutar lantarki tana yawan ɗaukewa, ita kuwa gawayinta ba ya ɗaukewa. Tana guga tana hira da duk mai wucewa, har na lura ta fi walwala fiye da zamanin da take baranda.

Baba Bula ya jure wa gugar kansa har ya ƙona wa kuku hula. Washegari na gan shi ya fito ta ƙofar gida da kaya a hannu, ya zagayo gaban teburinta ya tsaya kamar kowa.

"Na wane ne?" Inna ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Na kuku."

"Ajiye a can. Akwai na mutane a gabanka."

Ya ajiye, ya koma ciki. Daga ranar ta ci gaba da goge masa, amma sai ya kawo ta gaba, kuma sai layi ya zo kansa.

An yi watanni a haka. Wata rana kuku ya zo karɓar kaya, ya tsaya a teburin Inna yana ba ta labarin wani baƙo da ya mayar masa da miya har sau ba adadi. Baba Bula ya fito da kumfa a hannu, ya tsaya gefe har labarin ya ƙare. Ya leƙo shagona ya kira ni, ya kuma tsayar da ɗaya daga cikin matan nan masu ɗibar ruwa da ta zo wucewa. Sannan ya yi gyaran murya.

"Kuku, maganar da na gaya maka rannan, ba haka ba ne."

"Wace magana, Baba?"

"Ta jan ɗigon nan. Da na ce mai gugar ce. Ba ita ba ce, ƙwari ne. Idonta ƙalau yake."

Kuku ya sosa ƙeya, ya dube ni, ya dubi Inna.

"Wallahi Baba ban tuna ba. Ka ce haka? Yaushe?"

"Na ce," in ji Baba Bula. "A nan ciki, kana riƙe da rigarka."

"To, in ka ce ka ce, ka ce. Allah ya ba da haƙuri."

Inna ta buɗe dutsenta ta ƙara gawayi, ta fifita shi da kwali har ya yi ja.

"Na ji," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Kumfa tana ɗiga a kan kayan mutane, Malam."

Ya ja da baya. Teburin dai bai koma baranda ba.

Da damina ta sauka, kamar yadda malamar gona ta faɗa, ƙwarin suka ragu, sababbin ganye suka fito kore, Baba Bula ya dawo da shanyarsa gida. Da rani ya dawo su ma suka dawo, ya koma benensa. Haka ya riƙa yi, rabin shekara a tsakar gida, rabi a tsallaken titi. Kwakwar ba ta koma yadda take ba. 'Ya'yan suka ƙanƙance, suna zubowa tun ba su nuna ba, har mai hawa ya daina zuwa, ya ce hawan ya fi abin da ake saukewa. A kasuwa ma kwakwa da ayaba suka yi wuya shekarun nan, muna jin masu gonaki da yawa sun sare sun koma shuka wani abu. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, wadda ke kusa da katanga, ta bushe daga sama. Wannan kam da kansa ya kira mai inji, ya tsaya har aka gama, ya share garin katakon.

Bayansa ne ya fara gazawa. Da farko yana hawa matakalar yana hutawa a tsakiya, daga baya sai ya raba baho ɗaya gida biyu. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaga baho a gindin benen, bai iya miƙewa ba. Mai gadin ne ya ɗora shi a baron nasa, a kan jiƙaƙƙun kaya, ya turo shi har gida. Ya yi kwanciya mai tsawo. Da ya tashi yana iya takawa da sanda, amma likita ya ce ba shi ba ɗaukar nauyi, ko na tulu.

Auta ta zo da mijinta, suka ce zaman tsofaffi biyu su kaɗai a gida mai rijiya ya isa haka. Suna da ɗaki a gidansu a wani gari, kusa da asibiti. Inna ta yi gardama fiye da shi, saboda masu kawo mata guga, amma da yayyen Auta suka sa baki ta waya ta sakko. Aka sayar da gidan ga wani mai walda. Tun kafin su tashi ya zo ya auna tsakar gidan, ya ce zai sare bishiyoyi biyu don mota ta samu shiga da ƙarafa, sauran biyun su zauna saboda inuwa. Baba Bula yana zaune a kujera yana jinsa, ya ce masa gida ya zama nasa, ya yi yadda ya ga dama.

Ranar tafiya surukin ya kawo babbar motarsa ya toshe layin. Maƙwabta suka taya lodi, gado da kujeru da tukwane. Inna ta shiga gaba kusa da Auta, tana leƙowa ta taga tana ba matan layi saƙon wanda bai zo ya karɓi kayansa ba. Shi kuwa aka shimfiɗa masa katifa a baya tsakanin kaya, domin bayansa ba zai jure zama ba. An tada mota ke nan ya buga jikinta da sanda, direban ya tsaya. Ya yafito ni, ya miƙo mini makulli.

"Ka ba mai walda," ya ce. "Ka gaya masa ƙofar tana cijewa. Sai ya ɗan ɗaga ta sama kafin ya murɗa, in ba haka ba zai karya makullin."

Na ce zan gaya masa. Motar ta haura layin a hankali saboda ramuka, ta sha kwana a bakin titi.